Tamfol ɗin Ɗakin Inna

Ƙanena ya ɗora mini alhakin mutuwar Innarmu, kuma a zaman makoki ya yi hakan, a gaban dangi, muna kan tabarma ɗaya. Cewa ya yi ni na ce ba za a yi ruwa ba.

Ban taɓa faɗin haka ba. Ni ɗan kamasho ne a tasha, bokona a firamare ya tsaya, amma da damina ni ake tambaya labarin hadari. Hadarin Kano daga gabas yake tasowa, direbobin hanyar gabas kuwa duk ina da lambarsu.

A daminar nan ɗakin Inna a gidanmu na Fagge ya dame mu da yoyo. Wata rana kafinta ya kware tsohon kwano da safe, ya ce sabon sai gobe. Wajen azahar gabas ta ɗan yi duhu, na shiga buga waya. Direban da ke Haɗeja ya ce yayyafi ne kawai. Can an jima na Ringim ya ce iskar ko leda ba ta ɗagawa, amma kwalta a jiƙe take. Na Gezawa dariya ya yi mini, wai hadarin tafiyar tsohuwa yake yi, shi da lodinsa ma ya baro shi a baya.

Na kira ƙanena, na ce hadarin ba shi da ƙarfi, ba zai yaye komai ba, amma zai iso kuma zai daɗe yana tsiyaya. Na ce ya ja babban tamfol ɗin da na aro a tasha ya rufe ɗakin.

"An gama, Yaya," ya ce.

Na koma lodi hankalina kwance. Ashe naɗe tamfol ɗin ya yi, ya cusa a adaidaita, ya kai Sabon Gari ya lulluɓe buhunan fulawar da aka sauke masa a ƙofar shago. Wani ɗan Ibo mai fenti, maƙwabcin shagonsa, shi ya ba ni labarin daga baya, yana ma yaba masa hanzari.

Ruwan ya sauko bayan la'asar, ba tsawa, ba iska. Inna ita kaɗai ce a gida. Ta shiga ɗakin tana jan katifa da akwatin kayanta, da wannan ƙafa tata mai ciwo. Bayarabiyar da ke maƙwabtaka da mu ce ta same ta zaune cikin ruwa tana rawar ɗari. Sanyi ya sauka mata a ƙirji. Ba ta ga ƙarshen daminar ba.

A wurin makokin ban tanka ba, ba a musu a kan gawar uwa. Zargin kuwa ya zauna mini. Gwaggonninmu da ƙyar suke amsa gaisuwata. A unguwa in gari ya haɗa, sai ka ji wani ya ce a tambayi Malam, wato ni, in ya ce babu, a kwashe shanya.

Na jira ƙanena ya zo ya wanke ni, bai zo ba. Ni na je na same shi a shago yana auna wa wata mata fulawa. Na bari ta tafi. Ya miƙo mini kujera, na ƙi zama.

Na ce, "Ba zan tona ka ba, kana da 'ya'ya mata da za su yi aure. Ka ci gaba da ɓata sunana. Amma ranar da na mutu, kada hannunka ya taɓa makarata."