Ludayin Adda

Shekara tara ke nan da rasuwar Adda, amma har yau ba na iya zama a inda wake ya kama. Da ƙaurin ya shiga hancina sai in gan ni a ɗakin cin abinci na makarantar 'yan mata a Kano, ina 'yar shekara goma sha uku, kwanona a gabana, 'yan teburinmu suna ta mitar an ƙona mana abinci. Cikin wannan ƙaurin aka leƙo aka ce ana nemana a ofis. Na tarar da kawuna zaune a ƙasa bakin ƙofa, ya ƙi hawa kujerar da aka ba shi. Bai ja maganar ba. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, kuma an kai ta tun shekaranjiya. Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah ya yafe mini, shi ne Adda ba ta taɓa barin wake ya kama ba.

Adda mahaifiyata ce. Da wannan sunan na taso na ji ƙannenta suna kiranta, ni ma na bi, ba wanda ya gyara mini. Ni ce 'yar farinta, kuma ni kaɗai na tsaya, biyun da suka biyo ni ba su kai yaye ba. Mutanen birni na yanzu wataƙila sai an yi musu bayani, amma a wajenmu kowa ya san kunyar ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Nawa kuma ya zo da ƙari, don sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, Saratu, sunan da suruka ba ta isa ta ɗora a harshenta ba. Ana yaye ni kakar tawa, Iya, ta ɗauke ni zuwa ɗakinta a gefen Ajingi. Da mahaifina ya rasu, Adda ta koma gidan yayanta can kan hanyar Gafasa. Sai da Sallah nake ganinta, ko in an yi haihuwa a dangi. In ta tashi tambayar lafiyata sai ta dubi Iya ta ce, waccan dai lafiya?

Shekarar da aka sa ni aji ɗaya ita ce shekarar da En'e, hukumar gargajiya ta lokacin, ta fara kawo abinci makarantarmu. Kafin nan sai an yi da gaske ake samun yara. Iya takan ba ni labarin yadda ake ɓoye su a rumbu in an ji masu ɗaukar suna sun shigo gari. Amma da aka ga jakuna suna sauke buhunan dawa da wake da garwar man gyaɗa, aka ga an kafa murhu biyu a bayan aji an kewaye da zana, sai iyaye suka fara rako yaransu da kansu, musamman in damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ran Juma'a akan dama mana madarar gari. Da farko wasu dattawa sun ce ba za a ba 'ya'yansu nonon da ba a ga saniyarsa ba, sai da liman ya kurɓa a gabansu ya ce a ƙaro masa.

Mata biyu ne a wajen murhun. Akwai Gwaggo Dije, doguwa mai babbar murya, wadda ke ɗaura farin zanen aiki da En'e ta bayar. Sai kuma Adda, da nata zanen na saƙi. Ranar da na fara ganinta a bayan tukunya na ɗauka mafarki nake yi. Na koma gida da gudu na gaya wa Iya, ita kuwa ko kai ba ta ɗaga daga kaɗinta ba, ta ce to, aiki ta samu, Allah ya sa albarka.

Shekara bakwai na yi ina bin wannan layi. Hantsi na ɗagawa sai a buga ƙarfen da ke rataye a jikin darbejiya, mu fito kowa da kwanonsa. Gwaggo Dije ke tuƙi da zuba mai, Adda ke riƙe da ludayi. In ta zuba sai ta ɗan ƙwanƙwasa shi sau biyu a bakin kwano, don kada ko ƙwaya ɗaya ta koma tukunya. Ta san kowa da sunansa. Ta san wadda uwarta ke kwance, ta san wadda ta taho daga nesa ba ta karya ba, ta san mai satar komawa layi, takan kuma yi kamar ba ta gane ta ba. Kowa da kalmar da zai samu. Tabawa, kin wanke hannun nan kuwa? Kulu, ki gaida mini Innarki. Har layi ya iso kaina. Nan sai muryar ta ɗauke. Idonta ya koma cikin tukunya, ludayi ya cika daidai da na kowa, ba ƙari ba ragi, ƙwas, ƙwas, in wuce. Wadda ke bayana ta ji sunanta.

Gwaggo Dije ba ta barinmu. Takan ce, Adda, ga wata baƙuwa nan daga Gabas, ko za ki tambaye ta 'yar gidan wa ce? Ko ta ce da ni, ke 'yar Iya, zo ki gaya mini wa ya ba ki wannan hancin, don na san inda na taɓa ganin irinsa. Yara su yi dariya. Adda ta ja mayafi ta rufe baki, ta ce Dije ki ji tsoron Allah, wuta na cin itace a banza.

Na san al'ada ce. Ba wanda ya ɓoye mini. Amma sanin abu daban, tsayuwa da kwano a hannu kana ɗan shekara bakwai daban. Ga shi na zama yarinya mai yawan zama ita kaɗai da littafi, kuma a littattafan da malamai ke ara mini uwa takan rungume 'yarta ta kira ta da suna. Na riƙa ƙirƙira wa kaina wata rana da layi zai iso kaina, Adda ta ɗago ido. Har kalar zanen da za ta ɗaura ranar na zaɓa mata. Wani abu kuma da na lura da shi, duk ranar da sufeto ya zo daga Gaya a kan babur duba abinci, Adda takan miƙa wa Gwaggo Dije ludayi ta shige bayan zana, ba ta fitowa sai ƙarar babur ta ɓace. Na sa shi a lissafin kunyarta. Na ce a raina, wannan mata kowa ma ɓoye masa take yi.

Ranar ƙarshe da na bi layin abincin makarantar, ban ci ba. An riga an faɗa a gaban kowa cewa na ci jarrabawa, za a kai ni Kano. Wake da dawa aka yi. Da layi ya zo kaina, ta ɗebo, sai na janye kwanon na rungume shi a ƙirji. Na ce, ba ƙasa-ƙasa ba, yadda har malamai suka ji:

"Adda, tafiya zan yi. Ki faɗi sunana sau ɗaya, sai in karɓa."

Wurin ya yi tsit. Ludayin yana sama a hannun Adda, tururi na tashi daga cikinsa. Ba ta dube ni ba. Ta ce da tukunya, da murya kamar ta mai mura, a ce wa waccan ta miƙo kwano, abinci na hucewa. Na kife kwanon a ƙasa na fita daga layi. Ban waiwaya ba, don haka ban san yadda ta yi da abin da ta ɗebo ba.

Ban gane abin da na yi ba sai da na girma. Na tsayar da mace mai kunya a gaban yara da malamai maza na ce ta tuɓe abin da aka raine ta a kansa. Da ta faɗa, da garin ya shekara yana maganar. Da safen da zan hau mota ba ta zo ba, kuma ba a sa ran ta zo. Gwaggo Dije ce ta kawo mini ƙullin dakuwa ta ce in ji wata. Ina isa makaranta na rabar wa 'yan ɗakinmu, ko ɗanɗanawa ban yi ba. A wasiƙar da Iya ta sa aka rubuto mini an ce Adda ta daina zuwa wajen murhu. Na ce gajiya ce. Na shirya maganar da zan yi mata in an ba da hutu, na yi ta maimaitawa a raina har na haddace. Saura mako uku a ba da hutun, sai kawuna ya zo.

Yanzu ni ce malama a wannan makarantar. Na roƙa aka turo ni nan bayan na gama horo. Tun da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, yaran sun ninka na zamaninmu, har wasu azuzuwan a gindin bishiya suke zama, kuma ina murna da hakan har zuciyata. Sai dai buhunan sun daina zuwa tun wajen shekarun fari, ba su dawo ba. Zanar ta ruɓe. Duwatsun murhun suna nan, baƙin jikinsu bai gama fita ba, 'yan mata na zama a kansu suna carafke. Har yanzu ana buga ƙarfen jikin darbejiya da hantsi. Mai ɗan abu a ƙulle ya sayi ƙosai ko dafaffen rogo a bakin hanya, marar shi ya je randa ya cika ciki da ruwa ya dawo ya kifa kai a gwiwa. Akwai wata yarinya a ajina, Ladidi, mai kaifin kai, wadda rubutunta kan fara karkacewa daidai lokacin da a da ake sauke tukunya. Ran nan na tambaye ta bakwai sau uku, ta dube ni idonta ya yi zuru-zuru ta ce, Malama, da safe na sani.

Nakan tambayi kaina me Adda za ta ce in ta ga wannan. Na fi zaton ba za ta ce komai ba. Ba ta san ko harafi ɗaya ba, ba ta taɓa shiga aji ba sai don shara, amma ta san daga tafiyar yaro ko ya karya. Ina jin za ta tsaya ta dubi duwatsun nan, ta dubi yaran, ta tambayi inda ake ajiye itace. Mu da muka yi karatu muna ta rubuta takardu muna tura wa manya, muna jiran amsa. Nakan tafi da ɗan abin da na iya a kwanon sha, amma kwano ɗaya ba ya zagaya aji.

Bara Allah ya ba ni 'ya mace, ta fari. Na sha cewa ni kam ba zan yi wa tawa haka ba. Sai ga shi ranar suna, da mata suka cika ɗaki suna miƙo mini ita, na ji harshena ya yi nauyi, na kawar da kai. Har yau in da mutane ban iya kiranta ba. Sai mun kaɗaita da rana, kowa ya fita, nakan sa bakina a kunnenta in yi ta faɗin sunan, kamar mai biyan karatu. Daga nan na fara tunanin ko Adda ma tana da irin wannan lokacin, a kan doguwar hanyar nan ta Gafasa, inda ba mai ji sai gonakin gyaɗa. Ba ni da wanda zan tambaya.

Ba ta bar hoto ba. Ba ta bar ɗaki ba. Abin da ya rage nata yana jikin mutane. Akwai ungozoma a Gaya, akwai malamai, akwai matan aure a Kademi da Gafasa, waɗanda in sun gan ni sai sun tsayar da ni sun ce Allah ya jiƙan Adda, a hannunta muka ci. Kuma in ina zuba abinci a gidana sai in ji ludayina ya ƙwanƙwasa sau biyu a bakin kwano, ban san lokacin da na koya ba.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce na je Gaya gaida Gwaggo Dije, wadda ke zaune wajen ɗanta, ido ya yi rauni amma muryar na nan. Hedimastanmu na son a sake rubuta takardar neman abinci, ya ce in tambayo yadda aka tsara aikin a da. Na ce mata zan rubuta cewa En'e ta ɗauki mata biyu, ita da Adda. Ta laluba ta kama hannuna.

"Biyu kuma? 'Yar Iya, ashe ba wanda ya gaya miki. Ni kaɗai aka ɗauka. Ba ki ga ni ce mai farin zane ba? Ba ki ga tana ɓuya in sufeto ya zo ba? Makon da aka rubuta sunanki ta same ni ina hura wuta. Ta ce za ta yi mini daka, ta yi surfe, ta ɗebo ruwa, ba ta son komai. Na ce ke Adda, daga Gafasa kullum a ƙasa, a kan me? Ta ce ita dai abu ɗaya take roƙo. In an zo rabo, in bar mata ludayi."