Ɗinkin da Na Zaɓa wa Matata

Shekarar da mahaifar matata ta sauko, muna zaune a Madakiya, gonar citta ce ke ciyar da mu. Likita a Kafanchan ya ce sai an cire, kuma hanya biyu ce. Ko a yanka ciki, ko a bi ta ƙasa, wadda ba ta barin ɗinki a waje kuma ta fi saurin warkewa. Ya ce ta biyun ta fi dacewa da ita.

Ni ya miƙa wa takarda, don a lokacin miji ake nema ya sa hannu. Ko juyawa ban yi na dubi matata ba, na ce a yanka. Dalilina abin kunya ne. A danginmu, macen da aka yi wa aiki sai ta buɗe wa mata masu gaisuwa ɗinkin sun gani. Na ji tsoron 'yan'uwanta su zo su tarar ba tabo, su ce ban yi mata komai ba.

Sun ga tabon, sun yaba mini. An ce ta huta wata biyu, amma sati uku da sallamarta aka fara tonon citta, ina kallo ta ɗauki kwando, ban hana ba. Ɗinkin ya saki daga ciki. Har yau sai ta ɗaure cikinta da zane take iya takawa zuwa coci.

Bara babbar 'yarmu ta yi ta zubar jini, aka gano ƙari a mahaifarta. Muka raka ta asibiti, ni da uwarta da mijinta. Likitar ta bayyana hanyoyin, har da wata sabuwa ta ƙananan huje-huje da kyamara, ta miƙa wa surukina takardar sa hannu. Sai surukina ya juyo wurina.

"Baba, ku ne manya. Wacce za mu ɗauka?"

Matata ta yi dariya. "Tambaye shi mana, ai shi ne babban likitan Madakiya."

Na ce, "Maman yara, na ji." Na zare biro daga hannun surukina, na ajiye gaban 'yata. "Cikinki ne. Ki tambayi likita duk abin da kike so, muna waje."

Surukina bai so tashi ba, sai da na ja shi har baranda.

Ta zaɓi a bi ta ƙasa. Da aka sallame ta, na kai kujerata bakin ƙofarta na zauna. Ƙanwata ta zo gaisuwa tana tambayar ɗinki, na ce babu, ta shiga ta yi mata sannu kawai. Kwandunan gidanta kuwa na kwashe su kaf zuwa gidana a Madakiya, sai da wata biyu suka cika na mayar.