Layin Mangwaron Kwamandoji

Akwai wani mangwaro a barikin sojoji na nan Bauchi da nake zuwa dubawa ta bayan wayar shinge. Sojan da ke gadi ya saba da ni, yakan ce, "Baba, ka zo gaida ɗan'uwanka?" In yi dariya in ce e. Shi wasa yake yi.

Na yi shekaru ina aikin lambu a wannan bariki. Ni ba soja ba ne, lebura ne. Daga garinmu Miri nake hawo babur da sassafe, in wuce ɗakin da ake ajiye tiyo da baro. Aikina ciyawa da furanni, sai kuma layin mangwaron da ke gaban ofishin kwamanda.

Layin yana da al'adarsa. Duk kwamandan da ya gama zamansa, ranar da zai miƙa tuta ga magajinsa, in an tashi daga fareti sai a kawo masa dashen mangwaro ya sa a rami da hannunsa. A kafa ɗan allon ƙarfe mai sunansa a gindi. In ka tsaya a bakin layin, na farko manya ne, inuwarsu ta cinye rabin fili. Haka suke ta raguwa har ka iso na ƙarshe, wanda bai wuce ƙugu ba.

Wanda na tarar a kan aikin wani dattijo ne, Bafulatani, da shanunsa suka ƙare ya shigo gari. Kowa Baba yake ce masa. Yadda makiyayi ke duba garke, haka yake duba itatuwan nan. Ranar da na fara aiki ya zaga da ni layin. Na lura akwai wuraren da allo ke tsaye amma babu itace, sai kututture.

Na ce, "Wannan fa, Baba?"

Ya ce, "Ya rasu."

"Itacen?"

"Su duka biyun."

Ya ce mutumin ya daɗe da barin Bauchi, yana can wani gari. Wata safiya shi Baba ya zo ya tarar ganye a ƙasa, ɗanye shar, ba wanda ya yi ja ko ɗaya. Yana cikin sharewa labarin hatsarin mota ya iso ofis.

Sannan ya kama hannuna ya ce, "Yaro, namu haƙa rami ne, da taki, da ruwa. Kada ka kuskura ka sa dashe a wannan layi da hannunka. Wanda ya sa shi, shi yake bi."

Na yi dariya. Ya miƙo mini diga.

Daga baya na gani da idona. Tsakiyar damina, ƙasa jiƙe, wani babba a tsakiyar layi ya fara bushewa daga sama. Ba a jima ba aka sauke tuta rabi, aka ce wani tsohon kwamanda ya rasu a asibiti. Na kai maganar wurin limamin unguwarmu. Ya ce camfi ne, gara ce da tsufa, rai kuwa a hannun Allah yake. Na yarda da shi, har yau ma na yarda. Amma tun daga ranar in na shiga layin nakan yi sallama.

Kwamandoji suka yi ta zuwa suna tafiya. Wani ya sa muka shafe gindin itatuwa da farar ƙasa. Wanda ya gaje shi ya ce a kankare. Akwai wanda bai taɓa ɗaga kai ya dube mu ba har ya tafi, akwai kuma mai tsayawa ya tambayi yadda gero ya yi a Miri. Kowanne yakan shigo kamar zai dawwama, sai ka ji an ce takardar canji ta zo, a buga badujala, in haƙa rami. Baba ya rasu, furfura ta fito mini, sunan Baba ya dawo kaina.

Sai aka kawo wani kwamanda dogo siriri, mai yawan dariya. A makonsa na farko ya fito zagaye ya tarar da ni a layin, ya tambayi labarinsa. Na faɗa masa al'adar, ban da abin da Baba ya gaya mini.

Ya ce, "Ashe sai zan tafi zan shuka? To wa zai sha? Baba, haƙa mini rami. Ni yanzu zan sa nawa, in sha 'ya'yansa kafin a kore ni."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ban kwana ne."

"Au, so kake in yi ban kwana tun ban zauna ba? Haƙa, Baba."

Na haƙa. Ya durƙusa da kakinsa ya sa dashen, ya danne ƙasa da tafin hannu, ya goge a wandonsa.

Ba a yi nisa ba umarni ya zo ya ja runduna zuwa arewa maso gabas, inda ake faɗa. Ba a yi fareti ba, ba a miƙa tuta ba. Mataimakinsa ya riƙe ofis. Matarsa ta zauna a gidansu na GRA.

Da farko dashen ya kama sosai. Sai wata safiya na tarar ganyensa sun yi laƙwas kamar tsumman da aka jiƙa. Na tona gefe ko gara ce, babu ko ɗaya. Na zuba toka, na yi masa rumfa da zana, na rage ruwa, na ƙara ruwa. Sai ganyen suka fara zuba, ɗanyu shar. A makon ne aka ce waya ba ta shiga inda su kwamanda suke.

Magana ba ta kwana a bariki. Matan sojoji suka fara biyowa ta wurin in za su kasuwa, su rage tafiya, su duba, su wuce. Ran nan mota ta tsaya, Hajiya matar kwamanda ta fito ita kaɗai. Ta daɗe tsaye a kan dashen.

Ta ce, "Baba, ruwa ne ya yi masa yawa?"

Na ce, "A'a, Hajiya."

"Ko kaɗan ne?"

Na sunkuyar da kai. Ta durƙusa ta ɗauki ganye ɗaya ta ƙulle a bakin mayafinta, ta koma mota.

Kashegari Sajan mai kula da mu leburori ya zo. Mutumin kudancin jihar ne, mai barkwanci, amma ranar fuskarsa a ɗaure take.

Ya ce, "Baba, oga mataimaki ya ce wannan abu yana tada hankalin mutane. Ka cire shi, ka sa sabo. Yau ɗin nan."

Na ce, "Wa zai sa?"

"Kai mana. Ni ne mai lambu?"

"Sajan, zo ka sa, ni zan riƙe maka shebur."

Ya ja da baya, ya mai da hannuwansa biyu bayansa. "Ni mai zuwa coci ne, ban yarda da wannan magana ba. Amma hannuna yana ciwo tun jiya."

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Baba. Ka yi sauri."

Na zauna a kan baro ina tunani. In na ƙi, za a aiko kurtu da adda ya sare shi ya jefa a bola, mutumin kuma yana can daji ba a san halin da yake ciki ba. In na yarda, ni zan cire shi a hankali da saiwarsa. Sai dai ramin ba zai zauna haka ba.

Na bari sai da rana ta take, kowa ya shige inuwa, filin ya zama wayam. Na haƙa kewaye da shi da faɗi, na ɗago shi da ƙasarsa, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu. Sannan na kawo sabon. Na gwada tura shi da bakin shebur, ya kife. Na gwada da ƙafa, ya karkace. A ƙarshe na yi bisimilla na kama shi da hannuwana biyu na zaunar da shi, na danne ƙasa.

Babu iska ko kaɗan a lokacin, tuta ma a sanƙame take jikin sandarta. Amma sai na ji ganye yana motsi can bakin layi, wurin manyan. Motsin ya taho daga wannan zuwa wancan, ya tsallake kututtura, har ya iso na kusa da ni, ya tsaya. Kamar yadda ake gyara sahu in wani ya shigo masallaci.

Na ɗaura na kwamanda a bayan babur na kai Miri. Ban sa shi a ƙasa ba, don kada hannuna ya shiga tsakaninsu. Na yanka duron ruwan matata gida biyu, na zaunar da shi a rabin da ƙasarsa ta bariki, na ajiye bayan ɗaki kusa da turken jakin maƙwabcina.

Matata ta fito ta riƙe haɓa. "Malam, majinyaci ka kawo mana? Kuma duk gidan nan ba ka ga abin yankawa ba sai durona?"

Kullum da safe in na zuba masa ruwa sai ta maimaita zancen duron. Ganyen suka ƙare tas, ya zama sanda mai reshe biyu. Nakan kankari ɓawon da farce. In na ga kore a ciki, sai in tafi aiki da ƙarfina. Haka muka yi ta yi har na daina lissafi. Reshen hagu ya bushe ƙayau. Ran nan na fito alwala sai na ga wani ɗan jan toho a kan na dama, ƙanƙane kamar kunnen ɓera.

A makon aka ce an sami kwamanda. Kwanton ɓauna aka yi musu, ya kwana da yawa a daji da rauni kafin a kai gare shi.

Bayan watanni ya dawo miƙa tuta. Ya rame, hannun rigarsa na hagu a naɗe an maƙale da fil. Da aka gama fareti ba a kawo dashe ba, tunda yana da nasa. Aka raka shi gindin sabon, wanda ya yi kore shar, ana ta tafi. Ya taɓa ganyen. Sai ya waiga ya yafuto ni.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Baba, wannan ba nawa ba ne. Ina nawa?"

Na ce, "Yana Miri, ranka ya daɗe."

"Akwai jaki kusa da shi?"

Na ce akwai.

Ya ce, "Ina kwance a dajin nan, kullum da safe sai in ji sanyin ruwa a ƙafafuna. In ji kukan jaki. Da wata mata tana mita an ɓata mata duro."

Kwana biyu bayan haka suka zo Miri shi da Hajiya, cikin kaftani, ba rakiya. Ya gaida matata, ya ba ta haƙuri a kan duro, ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Na haƙa rami a bayan ɗaki. Ni na karkata duron kawai. Shi ya tallafi itacen da hannunsa ɗaya ya zaunar da shi, Hajiya tana tura ƙasa da ƙafa.

Da zai shiga mota ya tsaya. "To na barikin, wa ya sa shi?"

Na buɗe masa tafukan hannuna. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce zai yi magana a kula da shi. Na yi godiya, amma na san bariki. Wanda ya miƙa tuta, maganarsa ta bi tutar.

Yanzu na bar aikin, gwiwoyi sun ƙi. Na kwamanda yana nan bayan ɗakina, ya girma a karkace, gefe ɗaya yake 'ya'ya. Ba ni da lambar wayar kwamandan, ba na kuma bukata. In na fito da safe nakan san yadda ya kwana.

Na barikin kuwa an shuka wasu a bayansa, ya shige cikin layi. Bayan na shiga ajin yaƙi da jahilci, na taɓa roƙo aka bar ni na shiga, na durƙusa na karanta allon da ke gindinsa da kaina, baƙi bayan baƙi. Sunan kwamanda ne. Duk wanda ya wuce haka zai karanta.

Bazarar bara injin rijiyar bariki ya lalace. A kwanakin na kwanta da wani irin ƙishi da ruwa ba ya kashewa. Likita ya ce ciwon sukari ne, ya ba ni magani. Na yarda da shi, ina kuma shan maganin.

Watan jiya mai gadi ya gaya mini sabon kwamanda yana so a faɗaɗa wurin ajiye motoci, kuma ta wutsiyar layin za a ci. Na nemi wanda ya gaje ni a aikin lambu, wani magidanci daga Fadaman Mada, muka tsaya a bakin waya. Na gaya masa abin da Baba ya gaya mini, ban rage komai ba. Ya yi dariya irin wadda na yi. Ban ji haushi ba. Na nuna masa itacen, na ce ya riƙa ƙara masa ruwa, in kuma ya ga an zo da jan fenti ana shafa wa gindi alamar sarewa, ya aiko a gaya mini.

Ya ce, "In na aiko, Baba, me za ka yi?"

Na ce ina da sauran rabin duro a gida.

Ya dubi itacen, na dube shi. Itacen ya wuce rufin ofis, gindinsa sai mutum ya rungume da hannu biyu.

Na hau babur na koma Miri. La'asar ta yi, ba lokacin ban ruwa ba ne, amma na ɗebo bokiti na zuba wa na kwamanda.