Malama Riskuwa, Wadda Ta Raba Ni da Haddar Ƙamus

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 1986, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malama Riskuwa Dikko, malamar Turanci a Argungu. Ta rasu a asibitin Birnin Kebbi, inda nake aikin jinya.

Malama, kin same ni ina haddace ƙamus na Turanci yadda muka saba da karatun allo: in rera, in kaɗa kai, in wuce gaba. Kaina cike da kalmomi, amma da aka kira ni ganawar shiga makarantar jinya, aka tambaye ni da Turanci abin da babana yake nomawa, sai na kasa haɗa jimla, aka ƙi ɗaukata. Baba ya ce in ƙara gwadawa. In na sake faɗuwa, in koma Augie dashen albasa.

Kika karɓe ƙamus ɗin, wai sai na yi hankali. Kika ja ni kasuwa. Duk abin da na taɓa, kifi ne ko tabarma, sai na faɗi sunansa da Turanci, in sa shi cikin magana a kan gidanmu. Kalmomi kaɗan a rana, amma dole in yi aiki da su kafin magariba. Nahawu kuwa a fadama na koye shi: abin da manoman shinkafa suka yi jiya, abin da suke yi yanzu, abin da za su yi idan ruwa ya janye. In na yi kuskure ba kya katse ni, sai na gama ki maimaita daidai, kamar hira. Masu kifi sun sha yi mini dariya, ke ma kin sha taya su. A shekarar aka ɗauke ni.

Makon jiya likitanmu, mutumin Indiya, ya duba ki, ya juyo ya yi mini bayani da Turanci ƙasa-ƙasa, cewa ciwon ya fi ƙarfin magani. Lokacin kunnenki ya riga ya yi nauyi. Kika riƙo hannuna kika ce, "Sakinatu ɗiyata, mi yac ce? Hwaɗa min duka, na san kin jiya."

Na ji, Malama, ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mini ba. Ran nan kaɗai na so a ce ba ki koya mini ba. Na faɗa miki ina kuka, kika yi hamdala, kika koma ke ce mai ba ni haƙuri.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Maigidanta Malam Atiku, da 'ya'yanta Zainabu da Usmanu, Allah ya ba ku haƙuri. Mu ma da ta koyar, mun yi rashin uwa.

Sakinatu Hodi, Gwadangaji