Tela da Motar da Ke Shan Ruwa

Shekara arba'in da ɗaya ya yi a kan keken ɗinki, kuma ba a taɓa jin wanda ya dawo masa da tufa yana cewa ɗinki ya saki ba. Unguwa ta san shi da Tela. Yayarsa kuwa, wadda suke zaune gida ɗaya tun rasuwar mijinta, har yau Auta take ce masa, ko da yake furfura ta gama cinye masa gemu. Halinsa da ya fi fitowa fili shi ne ba ya iya ganin huda ya wuce. Baƙo ya shigo da aljihu a yage, kafin a gama gaisawa an zare allura. Mutane suna yabon wannan hali, kuma ya cancanci yabo. Sai dai hali mai kyau, idan mai shi ya daina tambayar inda ya dace da inda bai dace ba, yakan yi ɓarnar da sakaci ma ba zai yi ba.

A tsakar gidansu, tsakanin igiyar shanya da katanga, akwai tsohuwar motar mahaifinsu. Shuɗiya ce, doguwa, kujerar gabanta guda ɗaya kamar benci, giyarta a jikin sitiyari, irin da aka daina ƙerawa tun kafin Tela ya yi aure. Gado ce tsakaninsa da Yaya. Injinta lafiya lau, domin duk mako sai ya tayar da ita ya saurari numfashinta. Ciwonta ruwa ne. Kowace damina sai ya taru a ƙasan kujerar gaba, a gefen da mahaifiyarsu take zama a da, kafet ya jiƙe ya yi wari, tsatsa tana cin ƙarfe a ɓoye.

Tela yana da amsa a kan asalin ciwon, kuma bai taɓa shakkar ta ba. Shekara goma sha biyar da suka wuce, mijin Yaya ya ari motar, ya ratsa da ita ta wani kwari da ruwan sama ya cika. Da ya dawo, Tela ya bi motar kaf da tocila, duk hudar da ya gani a ƙarƙashin ƙofofi da gindin gilashin gaba ya cusa mata tsumma, ya shafe da kwalta, ya bi da fenti. Aiki mai tsafta, babu mai gane wurin. Da daminar da ta biyo baya ta zo ruwa ya fara kwanciya a ciki, sai ya yanke hukunci.

"Tun da aka yi mata wanka a kogi ba ta ƙara lafiya ba," in ji shi. Ya faɗi haka tun mijin Yaya yana raye, ya ci gaba da faɗa bayan an binne shi. Yaya tana ji, tana haɗiyewa.

Shekarar da ciwon baya ya sa ya bar shago, wata safiya Yaya ta buɗe motar za ta ɗauko lemar da aka manta a ciki. Tana ɗora ƙafa sai ƙasan motar ya burma, silifas ɗinta ya faɗa ƙasa ta ramin. Ta fito da ƙafa ɗaya babu takalmi.

"Auta! Wannan ba mota ba ce, randa ce mai taya. Sauron unguwar nan duk a nan ake raɗa musu suna. Ni dai rabina na ba 'yan gwangwan, su zo su yanka su auna. Kai ka zauna da naka."

"Wane rabin ne naki, Yaya?"

"Wanda ya jiƙe."

"Ki ba ni zuwa damina."

"Na ba ka. Ruwan farko mai ƙarfi, zan sa farar safa in zauna a wurin Inna. Idan safar ta jiƙe, ko da ɗan yatsa ɗaya ne, motar ta tafi. Kuma kada ka sake ambata mini kogi."

Wata biyar ke nan a hannunsa. Matarsa ta ce ya kai wa masu gyaran jikin mota, ya ƙi. Ya ce abin da mahaifinsa ya riƙe da hannunsa, shi ma da hannunsa zai riƙe.

Ya cire kujeru ya jingine a zaure, ya yaye kafet. Niyyarsa ta farko ita ce ya cike wuraren da filla, wato kwaɓin da ake shafa wa jikin mota ya bushe ya yi tauri. Wani mai walda da ke ƙarshen layinsu ya leƙo, ya soka sukundireba a ƙarfen, ta shige kamar a cikin sabulu.

"Baba Tela, in aka kawo maka ruɓaɓɓen yadi, faci kake ɗora masa?"

"A'a. Yankewa nake har in kai ga mai ƙwari."

"To ka gama koyon aikina. Saura ƙuna."

Gaskiya ya faɗa, a kan duka biyun. Tela ya yanke duk inda ya yi ja, ya goge baki da sanfefa har farin ƙarfe ya fito. Kowane rami sai ya ɗora masa kwali ya zana da alli, ya yanka da almakashi, sannan ya fitar da irinsa a fallen ƙarfe, yana barin ɗan baki kamar yadda ake bari don ɗinki. Mai walda ya ara masa tsohon injinsa. Kwana goma na farko babu abin da Tela ya yi sai ƙara ramuka, domin ƙarfen mota siriri ne, wuta ta daɗe a wuri ɗaya sai ta huda shi. Idanunsa suka yi ja kamar an zuba yashi, bayan hannunsa ya cika da tabo. Matarsa tana shafa masa magani tana cewa, "Malam, an ce ka huta ne, ba a ce ka gasa kanka ba." Washegari ya koma kan injin. A rana ta sha ɗaya ya gane da kansa: ɗigo a nan, ɗigo a can nesa, a bari ya huce, a dawo a cike tsakani. Haka ake kafa riga da zare kafin a hau keke. Daga ranar bai sake huda ƙarfe ba.

Wata uku ya yi a haka, yana tashi da ƙyar yana dafa katanga. Ya shafa jan fenti mai hana tsatsa ciki da waje, ya sauya robar gilashin gaba da ta ƙofofi. Sannan ya kwanta a cikin motar da tocila, ya ce matarsa ta kwara mata ruwa.

Bokiti na huɗu, ruwa ya gangaro kan sabon ƙarfen, ya kwanta daidai inda ƙafar Yaya za ta sauka.

Ya daɗe yana kallonsa. A nan ne mutane da yawa suke karyewa, ko su nemi wanda za su zarga, kuma shi yana da nasa a ajiye tun shekara goma sha biyar. Amma hankali ya ƙi ba shi haɗin kai. Ƙarfen nan sabo ne, robar sabuwa ce, babu kogin da ya taɓa su. Idan ruwa yana shiga yau, to dalilinsa yana nan a yau.

Washegari ya daka alli ya barbaɗa garin a duk cikin motar, har ƙarƙashin allon gaban direba, domin ruwa ya bar sawu. Ya ce wa matarsa ta bar bokiti ta ɗauki buta, ta fara daga ƙasa, wuri ɗaya bayan ɗaya.

"Nan fa?"

"Babu. Hau sama kaɗan."

"Malam, hannuna ya gaji. Ko jariri ba a yi masa wannan wankan."

Da ta kai ragar shan iska da ke gindin gilashin gaba, sai ga siririn layi yana saukowa a cikin farin garin. Ya fito zai duba, ta tura ƙofa ta rufe, su biyun suka ji ƙara a cikinta, culum, kamar an girgiza jarka.

Ya durƙusa, ya kankare fentin ƙasan ƙofar da reza. Kwalta ta bayyana. Ya zaƙulo tsumman da waya, jan ruwa mai wari ya tsiyayo masa a ƙafa, ya yi ta zuba har ya yi kwata a tsakar gida. Ya buɗe huda ta biyu, ya buɗe ta uku. Sannan ya ciro tef ɗin awo daga wuyansa. Kowace huda zagayayya ce sumul, faɗinsu ɗaya, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya a dukkan ƙofofi huɗu. Tsatsa ba ta awo. Maƙeran motar ne suka huda su, domin sun san ruwa zai shiga ko an ƙi ko an so, suka yi masa hanyar fita. Haka na gindin gilashin: da ya toshe su, akwatin iskar da ke ƙarƙashin ragar ya zama tafki, ya cika ya malalo ciki. Mijin Yaya ya jiƙa motar rana ɗaya. Tela ne ya hana ta bushewa shekara goma sha biyar.

Matarsa ta dubi ƙofar ɗakin Yaya, ta rage murya. "Ka buɗe su kawai ka yi shiru. Wa zai sani?"

"Na faɗa da ƙarfi shekara goma sha biyar," in ji shi. "Ba zan warware a ɓoye ba."

Ya tattara tsummokaran a faranti ya kai mata har ɗaki, ya zauna a ƙasa kamar yadda yake yi yana yaro, ya yi bayani tun daga farko, bai rage wa kansa komai ba. Yaya ta ɗauki tsumma ɗaya ta juya shi.

"Ya sha faɗa mini cewa a hankali ya ratsa," ta ce. "Har ya rasu yana jin kunyar haɗa ido da motar nan."

"Na zalunce shi, Yaya. Allah ya jiƙansa. Ki yafe mini."

"Shi mai yafiya ne, na san ya yafe tun tuni. Ni kuwa safata tana nan a wanke. Maganarmu ba ta canza ba."

Bai nemi ta canza ba. Ƙasan ƙofofin da ruwa ya kwana a ciki duk sun ci, akwatin iskar ma haka, ga shi saura mako bakwai. Ya sauke ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, ya yanke, ya zana kwali, ya ɗiga walda. Da ya gama kowace ƙofa, sai ya auna ya huda sabon ƙarfen da ya sha wahalar haɗawa, a daidai wuraren da maƙera suka huda. Mai walda ya tarar da shi yana yi, ya riƙe baki. "Yau ga Tela yana huda da gangan!" Tela ya ce, "Wannan ita ce huda ta farko da na fahimta."

Ruwan ya zo wata rana da hantsi, da iska da tsawa. Yaya ta fito a ƙarƙashin lema, ta shiga ta zauna a wurin mahaifiyarsu, ta tuɓe takalmi, ta ɗora farar safarta a kan ƙarfen, domin ta hana a shimfiɗa kafet. Tela ya zauna a bayan sitiyari, hannuwansa a cinya. Ruwa yana dukan rufin har ba a jin magana. Matarsa tana tsaye a bakin zaure, tana nuna musu ƙasan motar, inda ruwa ke tsiyaya ta hudojin yana bin kwata.

Kusan awa guda ruwan yana zuba. Da ruwan ya tsagaita, Yaya ta ɗaga ƙafar dama ta shafa, ta ɗaga ta hagu ta shafa, ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta mayar da takalminta.

"Tayar da ita, Auta."

"Ina za mu?"

"Kwarin nan."

"Ai an yi gada a wurin yanzu, Yaya."

"Na sani. Ka dai bi a hankali, kamar yadda ya bi."

Ya murɗa makulli.