Ranar da Garma ta Faɗi a Fagge

Akwai wani yammaci guda a rayuwata da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da tsufa zai kwashe mini sauran. Abin ya faru tun Turawa suna ƙasar nan, 'yan shekaru kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin shekarata biyu a ɗakin mijina, ban kai ga haihuwar fari ba.

A wani ɗan ƙauye kusa da Yako aka haife ni, cikin ƙasar Kiru. Mahaifina shi ne limamin garin, kowa Malam yake ce masa, har mu 'ya'yansa. Ba mafaɗaci ba ne, ban taɓa ganin ya ɗaga wa wani hannu ba, amma in ya ce a'a, to magana ta ƙare. Bai yarda mu je dandali ba. In ana kiɗa bayan girbi, daga bayan danga muke jiyo shi, muna sussukar dawa muna kasa kunne.

Shi kuwa wanda ya zama maigidana, ɗan hoto ne. Hoto rawar manoma ce. Garma ake cillawa sama, wannan babbar da ake huɗa da ita, ta yi ta juyawa a iska, mutum ya tare ta da hannu ko da ƙirji ko da cinya, ana kiɗa, ba tare da ta taɓa ƙasa ba. An ce daga Yako har Bebeji babu wanda ya kai shi. Ni dai ji nake yi, ban taɓa gani ba. A hanyar rijiya na san shi, yana wucewa da jakinsa, ya gaishe ni a hankali kamar mai tsoron kada muryarsa ta fasa mini tulu.

Da iyayensa suka zo neman aurena, Malam ya ce yaron yana da ladabi, kuma manomi ne na gaske, amma shi ba zai ba da 'yarsa ga mai rawa ba. Sai maigidana ya zo da kansa, ya durƙusa a zaure, ya ce ya bar hoto daga ranar. Aka ɗaura aure. Na ji daɗi ƙwarai, don ina son sa. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya ajiye saboda ni ba. Yarinta ce, a zatona rawa abu ne da ake tuɓewa kamar riga.

Kowace shekara in an gama kai amfani rumbu, yakan tafi Kano cin rani, yana dakon buhunan gyaɗa, sai gab da damina ya dawo. A rani na biyu, idon mahaifiyarsa ya tsananta. Iya muke ce mata. Yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa. Aka ce a kai ta asibitin ido a Kano, kuma ni ce zan riƙe mata hannu. Wan mijina ya sa mu a jirgin ƙasa a Yako, ya ce mu sauka gidan wata gwaggonsu da ta daɗe a Fagge tana sayar da ƙosai. Aka ba wani mutum saƙo ya kai wa maigidana, amma ashe mun riga saƙon isa.

Washegari muka je asibiti, aka duba Iya, aka ce ta dawo bayan kwana uku. Da muka koma gida ta kwanta, sai na ga Gwaggo tana haɗa kasko da ƙullu bayan azahar. Ta dube ni ta ce, "Ɗauko mini itacen nan, 'yata, ki raka ni. Yau ai naku ne zai rufe taro."

Na ce, "Namu wa, Gwaggo?"

Ta ce, "Mijinki mana. Duk ranar Juma'a da Lahadi shi ake jira."

Da ta ga yadda na tsaya da itace a hannu, sai ta gane ban sani ba. Ta sauke kaskon, ta ce, "Bakina ya ja mini. Zauna abinki wajen Iya, ki yi kamar ban ce komai ba."

Na san abin da ya kamata 'yar liman ta yi. Amma shekara da shekaru ina jin wannan kiɗa daga bayan danga. Na gyara mayafina, na ɗora itacen a ka, na ce mu je.

Wurin wani fili ne da aka kewaye da zana mai tsayi, ƙofa ɗaya, wani ƙato yana zaune a bakinta yana karɓar kuɗin shiga. Mu da yake masu sana'a ne, hannu kawai ya ɗaga mana. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka a wuri ɗaya ba. Ga masu hali a kan benci da manyan riguna, ga leburori a tsugune da ƙurar gyaɗa a jikinsu, ga ma'aikatan jirgin ƙasa da gajeren wando, ga mata a gefe guda, wasu da yaren da ban taɓa ji ba. A ƙauye in za a yi rawa sai da dalili, ko biki ko suna ko gayya. Nan kuwa mutane sun biya kuɗinsu ne kawai don su zauna su yi kallo. Gwaggo ta ce irin wannan fili ba ɗaya ba ne a garin, akwai na Sabon Gari inda ake busa ƙahon Turawa, amma wanda yake kewar ƙauyensu nan yake zuwa.

Na tsuguna bayan kaskonta ina iza wuta. Aka yi rawar wasu Barebari, masu tafiya a hankali kamar ba sa son taka ƙasa. Aka yi ta wasu 'yan kama, mutane suka yi ta dariya. Ni ban ga komai sosai ba, fitowar maigidana kawai nake jira. Can rana ta yi sanyi, sai makaɗa suka sauya hannu. Tun kafin a faɗa na gane kiɗan. Na garinmu ne.

Su huɗu suka fito, shi ne na ƙarshe. Da farko ban shaida shi ba. Mutumin da na sani mai sunkuyar da kai ne, wanda in zai shigo gida sai ya yi gyaran murya sau biyu. Wannan kuwa ya shigo fili da walki a ƙugu, kambu a damtse, garma a kafaɗa, yana taku ɗai-ɗai, yana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya cilla garmar. Ta tashi har ta wuce tsayin zana, rana ta haska bakinta, ta juyo, ya miƙa hannu ɗaya ya karɓe ta kamar an miƙo masa jariri. Ya sake cillawa, ya juya baya, ya tare ta a kafaɗa. Ya durƙusa, ta sauka a cinyarsa, ƙafarsa ba ta daina bin kiɗa ba. Wani tsoho kusa da mu ya ce wa na gefensa, "Tun ina yaro a ƙauyenmu rabon da in ga irin wannan hannu." Na ga yana share ido da bakin rigarsa.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wutar Gwaggo ta mutu, ƙosai ya sha mai, ban kula ba. Abin da na ji a raina shi ne: wannan mutumin mijina ne, kuma sai yau na gan shi. Da za a ce in zauna a filin nan har ƙarshen rayuwata ina kallonsa, da na yarda.

Yana zagayowa wajen mata, ya cilla garmar sama sosai, ya sauke ido, sai muka haɗa ido. Mayafina ya zame, babu yadda zai kasa gane ni. Na ga murmushin ya ɗauke. Hannunsa yana miƙe, amma shi ba ya wurin. Garmar ta sauko ta gefensa, ta kafe a ƙasa.

Kiɗa ya tsaya. A wajen 'yan hoto babu abin kunya kamar wannan. Wasu suka fara ihu, wasu na cewa a sake. Bai sake ba. Ya sunkuya ya zare garmar, ya bi ta wata kafa a jikin zana ya fita, bai waiwayo ba.

Bayan magariba ya zo gidan Gwaggo cikin tsohuwar rigarsa ta dako. Ya gaida Iya, ya tambayi abin da likita ya ce, ya daɗe yana riƙe da hannunta. Sannan ya same ni a bakin murhu ina kwashe tuwo. Ya tsaya nesa kaɗan.

Ya ce, "Kin gani ke nan."

Na ce, "Na gani."

"Dakon ma ina yi, ba ƙarya na yi miki ba. Kwana biyu ne kawai a mako. Na yi ƙoƙarin bari, ranin farko ko kusa da filin ban je ba. Wata rana ina wucewa na ji kiɗan." Sannan ya ce, "Za ki gaya wa Malam?"

Na ce, "Ba zan gaya masa ba."

Ya ce, "To ke fa? Me kika ce?"

Maganar tana bakina. So nake in ce masa tunda aka haife ni ban ga abu mai kyau kamar abin da na gani yau ba. Amma a zamaninmu mace ba ta faɗa wa mijinta irin wannan, balle ni da aka tarbiyyantar a zauren liman. Kunya ta rufe ni, ga tsoron kada in zama ni na zuga shi ya ci amanar mahaifina. Na sunkuyar da kai, na ce, "Ai alkawari ka yi wa Malam."

Ya ce, "Gaskiya ne."

Aka yi wa Iya aiki, ido ɗaya ya buɗe, muka gode wa Allah. Ranar komawa sai ga maigidana a tasha da ƙunshin kayansa. Gwaggo ta raɗa mini cewa ya bar wa ɗaya daga cikin abokansa garmar da walkin. Daga wannan shekara bai sake zuwa cin rani ba. Ya kama noman rake a fadama, ya riƙe mu da kyau, muka haifi 'ya'ya bakwai, bai taɓa yi mini ko kallon banza ba. Malam har ya rasu yana yabonsa. Amma in ana gayya, makaɗa suka zo zuga manoma, yakan zaɓi kunyar gonar da ta fi nisa da su, ya duƙa yana huɗa, ba ya ɗagowa. Ni kaɗai na san dalili. Sau da yawa nakan ɗauki niyyar yi masa maganar, sai wani yaro ya yi kuka, ko baƙo ya yi sallama, ko dai in rasa ta inda zan fara. Wannan murmushi kuwa na yi ta nemansa a fuskarsa, ranar suna, ranar aurar da 'ya'ya, ranar da ya dawo daga Makka. Yakan yi fara'a, amma ba irin waccan ba.

Sai da muka tsufa, ciwon baya ya kwantar da shi, wata rana da hantsi ina shafa masa man zafi, na ce, "Ka tuna filin nan na Fagge?"

Ya ce, "Ina tunawa."

Na ce, "Abin da na faɗa maka ranar ba shi ne a zuciyata ba. Ban taɓa ganin abin da ya burge ni kamar rawarka ba. Har yau ina ganinta."

Na ci gaba da shafa masa man. Can ya ce, "Ni kuwa duk shekarun nan na ɗauka tun ranar kika raina ni."

Na ce, "Da na faɗa, da ka ci gaba?"

Ya ce, "A'a, da na bari dai, alkawari alkawari ne. Amma da na bari da daɗin rai."

Bai kai wata damina ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Na koma Kano sau da yawa wajen 'ya'yana. Na taɓa sa wani jikana ya zagaya da ni Fagge a mota ko zan gane wurin, amma duk shaguna ne da benaye, ko wanda ya taɓa jin labarin filin ba mu samu ba. Ban yi nadamar riƙe wa Malam alkawarinsa ba, shi ma maigidana bai yi ba. Abin da ke ci mini rai shi ne kalmomi kaɗan da na hana mutumin da ya bar abin da ya fi so domina, na bar shi yana ɗauke da zaton da ba gaskiya ba har furfura ta cika masa kai. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, amma ta taɓa sa ni rowa. Shi ya sa nake gaya wa jikokina mata, in kun ga abin da ya burge ku a wajen wanda kuke zaune da shi, ku faɗa masa a ranar, tun yana da ƙarfin da zai ji daɗinsa.