Walimar Hutun Sa'a Mai Muciya

Duk wanda ya yi lakwal, wato makarantar kwana, a Tasawa a shekarun baya, da tuwon Sa'a ya yi ƙashi. Ita ce mai dafa wa ɗalibai abinci, tun tana goyon ɗanta na fari har furfura ta cika mata kai. Da shekarun aiki suka cika aka tara mutane, aka yi mata godiya, aka ba ta turmin atamfa, aka ce ta je gida ta huta. Ta je, ta kuma gwada hutun tsakani da Allah. Bai karɓe ta ba. Ƙafafunta suka kumbura, ta koma faɗa da kajin maƙwabta.

Sai ta sayi manyan tukwane, ta ɗauko tsohuwar muciyarta wadda hannu ya goge har tana sheƙi, ta shiga tuƙa tuwon biki da suna. Ba ta da ubangida. Gidan da ta ga dama take zuwa, ranar da ta ga dama. In mai biki ya cika iyayi, sai ta ce bayanta na ciwo, ko da kuwa ranar za a gan ta a kasuwa tana ciniki da ƙarfinta. In kuwa ta ce za ta zo, to ta zo an gama. Amalanken jaki ke kai ta Maijirgi da ƙauyukan da ke bayanta, tana zaune bisa tukwane, muciya a kan cinya.

Mutum ɗaya abin ya tsaya wa a rai, ɗan farin nata, Rabilu, mai aiki a wani biro, wato ofis, a Maraɗi. Wata rana abokin aikinsa ya ce masa, "Ashe tsohuwar da ta tuƙa muna tuwo a bikin ƙanwata mahaifiyarka ce? Wallahi hannunta da albarka." Yabo ne, amma Rabilu ya ji shi kamar mari.

Ya zo Tasawa, ya durƙusa gabanta tana tsintar wake.

"Inna, ya isa hakanan. Mutane za su ce na kasa riƙe ki. Ran Lahadi zan tara unguwa in yi walima, ki aje muciya gaban kowa. Tukwanen kuma a raba ma mabuƙata."

Sa'a ta ci gaba da tsintar wakenta. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa mayar masa da magana ido da ido ba, haka ta taras ana yi, haka kuma take yi. Ba ta yarda ba, amma kunya ta ɗaure mata baki. Shi kuwa zaman birni ya mantar da shi wannan al'ada, ya ɗauki shirun nan amincewa ce. Ya tashi yana murna, ya tafi neman rago da rumfa.

Ita kuwa Lahadin nan ta riga ta ba da ita. Wani manomi a Hawandawaki, Talle, matarsa Rufaida ta haihu bayan shekaru suna jira har dangi sun daina tambaya. Shi da kansa ya zo gidan Sa'a, ya ce ba ya son kowa ya tuƙa tuwon sunan nan sai ita. Ta ce masa ya je, ta ji.

Ran Lahadi da hantsi rumfa ta cika. An shimfiɗa tabarmi, an ajiye sabuwar kujera mai laushi a tsakiya, mata sun sha ado. Aka aika a fito da Inna. Ɗaki wayam. Gefen gida, inda tukwane ke kife, sai zanen gindinsu a ƙasa da sawun amalanke. Tun bayan sallar asuba ta kama hanya.

Rabilu ya ari moto, wato babur, ya bi sawun. Rairayin hanyar Hawandawaki bai san ma'aikaci ba: ya kayar da shi, ya sa shi turi, ya cika masa takalmi. Ya isa da azahar, babbar rigarsa ta walima ta yi buɗu-buɗu.

Ya same ta a bakin murhu. Ta ɗaure ƙugu da gyale, ta kafa ƙafa, tana juya tuwon dawa da hannu biyu, zufa na bin wuyanta, tana yi wa ƴan matan da ke iza wuta tsiya. Rufaida na zaune ƙofar ɗaki da jaririya a hannu, tana dariya. Rabon da ya ga fuskar mahaifiyarsa haka har ya manta.

"Inna," ya ce, "mutane na can na jiranki. Kin kunyata ni."

Ba ta dube shi ba. Ta juya ga matar da ke kusa da ita.

"Ku hwaɗa ma baƙon nan, wanda ya tara mutane shi ka sallamarsu. Ni nan aka kira ni, nan na amsa." Ta kwankwasa muciya a bakin tukunya. "Ku hwaɗa mashi hutuna na nan tahe, ba sai ya yi gayya ba. Ran nan wasu mata za su tuƙa tuwon sadakata, ni ina kwance, ba mai jin bakina. Kahin nan, a bar mani muciyata."

Rabilu ya sunkuyar da kai, idanunsa suka ciko.

Sa'a ta kwashi malmala mai zafi, ta zuba miyar kuka, ta tsamo tsokar da ta fi kowacce girma ta ɗora, irin yadda take ɓoye masa a bayan madafar lakwal yana yaro. Ta miƙa wa matar kwanon.

"Ku ba shi. Tun sahe bai ci komi ba, na sani."